Ɗibar Ruwan Ƙwaƙwalwa da Laka Daga Ɓerayen Gwaji: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na ɗalibai ne masu binciken ƙwaƙwalwa da ma'aikatan ɗakin gwaji da ke aiki da fararen ɓeraye irin su Wistar da Sprague Dawley. Yawancin tambayoyin suna komawa ne kan matsala guda: ruwan da ake nema kaɗan ne ƙwarai, kuma jinin da ido ba ya ma gani ya isa ya lalata shi.

Wane ruwa ne wannan, kuma nawa ne a jikin ɓera?

Ruwa ne garau, mara launi, da ke cikin kogunan ƙwaƙwalwa, yake kuma kewaye ƙwaƙwalwa da laka. Mafi yawansa wani curin ƙananan jijiyoyin jini ne ke tace shi, wanda ake kira koroid fileksus. Babban mutum yana ɗauke da kimanin mililita 150. Baligin ɓera mai nauyin giram 250 zuwa 300 kuwa abin da ke jikinsa bai wuce kimanin maikrolita 250 ba, wato kwatan mililita, ko ka ce ɗigo biyar. Yana samar da sabo maikrolita 2 zuwa 3 a kowane minti, don haka cikin kamar awa biyu ya sake ruwan gaba ɗaya.

Me ya sa ba za a tsaya ga jini ba?

Saboda akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Magani na iya cika jini maƙil amma ɗan abin da ya tsallaka bai taka kara ya karya ba. Haka kuma sinadaran da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, irin su oreksin, furotin tau, amiloyid da alamomin kumburi, sun fi bayyana a wannan ruwa. Masu binciken sanƙarau ma ta nan suke ƙirga ƙwayoyin cuta da fararen ƙwayoyin jini, su ga ko maganin da ake gwadawa ya isa inda ciwon yake.

Sai dai kada a ɗauka abin da aka auna a ruwan shi ne ainihin abin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Akwai magungunan da wani furotin mai suna P-gilaikofurotin ke korowa daga naman ƙwaƙwalwa, alhali a ruwan ana ganinsu da yawa. Wanda tambayarsa ta shafi wani keɓaɓɓen wuri a ƙwaƙwalwa, maikrodayalisis, wato tace sinadarai ta siririn bututun da ake dasawa a cikin naman ƙwaƙwalwa, ya fi dacewa da shi.

Ta ina ake ɗiba?

Wuri uku ne, amma ɗaya ne na yau da kullum: sistana magna. Wani ɗan tafki ne a ƙeya, ƙarƙashin ƙaramar ƙwaƙwalwa, a bayan medula, wato gindin ƙwaƙwalwa inda take haɗuwa da laka. Tsakanin ƙashin ƙeya da ƙashin wuya na farko, mai suna atlas, babu ƙashi, tantani ne kawai ya rufe shi. Nan ne ruwa ya fi taruwa, nan ne kuma allura ke shiga ba sai an huda ƙoƙon kai ba.

Ana iya shiga ta ƙugu, tsakanin ƙashin baya na 5 da na 6 na sashen ƙugu, inda laka ta riga ta ƙare. Wutsiya kan yi ɗan fizga idan allura ta shiga. Abin da ake samu kaɗan ne, shi ya sa aka fi amfani da wannan hanya wajen zuba magani. Na uku shi ne kogon gefe na ƙwaƙwalwa, ta hanyar huda ƙoƙon kai bisa awon da ke cikin taswirar Paxinos da Watson, wadda ta fara fitowa a 1982. Allurar sai ta ratsa naman ƙwaƙwalwa kafin ta isa, kuma raunin da ta yi yana zuba nasa sinadaran cikin ruwan. Ruwan waɗannan wurare uku ba iri ɗaya ba ne, furotin yana ƙaruwa daga kai zuwa ƙugu, don haka ba a haɗa su a bincike guda.

Sai na sami izini kafin in fara?

Ƙwarai. Kwamitin kula da dabbobin bincike na jami'arka ko cibiyarka sai ya amince da tsarin a rubuce. Ƙa'idojin da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959 su ne ma'auni har yau: a maye gurbin dabba idan akwai wata hanya, a rage adadinta, a kuma sassauta mata wahala. Mujallu da yawa suna neman rahoto bisa ƙa'idar ARRIVE ta rubuta binciken dabbobi, wadda aka sabunta a 2020. Koyo kuma a kan mataccen ɓera ake fara shi, wanda aka riga aka kashe don wani aikin, har hannu ya faɗa.

Waɗanne kaya ake buƙata?

Firam ɗin riƙe kai mai sandunan kunne, abin ɗumama jiki, injin aski, aidin da barasar gogewa ta kashi 70 cikin 100, man shafa wa ido, da ƙananan kwalaben roba da aka riga aka yi wa lamba aka jera kan ƙanƙara. Allura mai fuka-fuki, lamba 25 ko 27, ita ta fi sauƙi, domin siririn bututunta garau ne, kana ganin ruwa tun ɗigon farko. A haɗa ta da sirinji na mililita 1. Babban sirinji yana zuƙa da ƙarfin da ya wuce kima. Kowane ɓera da sabuwar allurarsa: wadda ta taɓa ƙashi bakinta ya dakushe, tura tantanin za ta yi maimakon ta huda shi.

Wane maganin sa barci ya fi?

Idan akwai injin aisofuluren, maganin barcin da ake shaƙa, shi ya fi: kashi 4 zuwa 5 cikin 100 don sa barci, sannan a sauke zuwa 1.5 ko 2.5 ta abin rufe hanci. Ana iya ƙarawa ko ragewa nan take, kuma ɓeran yana farfaɗowa cikin 'yan mintuna. Inda babu, ana haɗa ketamin miligiram 75 zuwa 100 da zailazin miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo na nauyi, a yi allurar a cikin kogon ciki. A auna nauyin kowane ɓera a ranar, kada a ƙiyasta.

Maganin da kansa yana taɓa abin da kake aunawa. Zailazin yana ɗaga sukarin jini sosai, sukarin ruwan ƙwaƙwalwa kuma bin na jini yake yi, yana tsayawa a kusan kashi biyu cikin uku nasa. An kuma nuna cewa yadda ruwan ke ratsa naman ƙwaƙwalwa ya bambanta tsakanin dabbar da ke ƙarƙashin ketamin da zailazin da wadda ke ƙarƙashin aisofuluren. Saboda haka duk rukunoni magani ɗaya, kuma tsawon lokacin da ke tsakanin barci da ɗiba ya zo ɗaya.

Ɓera ba ya amai, ba sai an hana shi abinci ba. Kafin a taɓa shi da allura, a matse yatsun ƙafar baya da ƙarfi. In ya janye ƙafa, barcin bai kai ba.

Yaya ake ajiye kan ɓeran?

A nan aikin yake, kuma a nan aka fi yin gaggawa. Idan kai ya zauna daidai, sokawar ba ta da wuya. Idan ya karkace, ko gwani ne sai ya sha wahala.

A aske ƙeya daga tsakanin kunnuwa zuwa kafaɗa, a shafa wa idanu mai don kada su bushe, a kwantar da ɓeran rub da ciki kan abin ɗumama jiki da aka saita a digiri 37. A sa sandunan kunne, masu dakusasshen baki idan ɓeran zai farfaɗo, domin masu tsini suna fasa dodon kunne. Alamar sun zauna ita ce kan yana iya sunkuyawa da ɗagowa amma ba ya motsi dama ko hagu, kuma lambar da ke kan sandunan biyu ta zo daidai.

Daga nan a sunkuyar da hanci ƙasa kimanin digiri 45. Wannan shi ke buɗe ratar da ke tsakanin ƙashin ƙeya da atlas, ya kuma ɗame tantanin kamar fatar ganga. Sai ka ɗora ɗan yatsa kan tudun ƙashin ƙeya, ka gangaro a hankali ta tsakiya. Za ka ji ɗan kwarmi mai laushi, mai kusurwa huɗu. Shi ne ƙofar. In ba ka ji shi ba, kada ka soka, gyara sunkuyon tukuna.

Akwai iyaka kuma. Idan haɓa ta matse da ƙirji, maƙogwaro yana toshewa, numfashi ya koma na wahala, jijiyoyin jini na wuya su cika su kumbura. Kumburarriyar jijiya kuwa ita allura ke fasawa. Idan numfashi ya sauya da zarar ka sunkuyar da kan, sassauta.

A soka ta fata, ko a yanka a ga tantanin?

Ta fata ya fi sauri, ya kuma fi sauƙi ga dabbar da za ta farfaɗo. Bayan an goge da aidin da barasa, a shigar da allura a tsakiyar kwarmin, daidai kan layin tsakiya. Da bakin allura ya wuce fata, a ja sirinji baya kaɗan, a riƙe shi haka, sannan a ci gaba da turawa sannu a hankali. Amfanin wannan shi ne, da zarar an huda tantani ruwa zai bayyana a bututu, ka san ka iso, ka tsaya cak. Wani lokaci ana jin ɗan sakin tauri a yatsa, wani lokaci ba a ji, don haka ido a kan bututu. A baligin ɓera zurfin yakan kai kusan milimita 5 daga fata, yana ƙaruwa da ƙiba da girma. Dabarar da ta fi ita ce a auna a kan mataccen ɓera mai irin nauyin, sannan a zura wa allurar guntun bututun roba a matsayin birki, yadda iya wannan tsawon ne kawai ya fito.

Idan ɓeran ba zai farfaɗo ba, ko kuma tsabtar ruwan ta fi komai muhimmanci, a yanka. A tsaga fata santimita 1 zuwa 2 a tsakiya, a raba tsokar wuya ta kan farin layin da ke tsakiyarta da abu mara kaifi. Bin layin nan yana da dalili: jijiyoyin jini kaɗan ne a kansa, kauce masa kuwa jini zai malale wurin. Tantanin zai bayyana yana sheƙi, har ana hango jijiyar jini da medula ta cikinsa. A tsane wurin sarai da auduga kafin a huda, a kauce wa jijiyar da ake gani, a shiga milimita 1 zuwa 2 kacal.

Ko ta wace hanya, a zuƙa a hankali, a ɗauki kamar minti ɗaya ko biyu. Kafin a zare allura a saki zuƙar, ko a matse bututun da abin kamu. Wanda ya zare allura sirinji na zuƙa, jinin tsoka da na fata zai kwaso a hanyar fita, ya ɓata ruwan da ya samu garau.

Na soka amma ruwa bai zo ba. Me ya faru?

Idan allura ta daki abu mai tauri, ƙashi ne, ko na ƙeya ko atlas. A dawo da ita har ƙarƙashin fata kafin a sauya mata hanya. Kada a riƙa lilo da bakinta a ciki, yankan nama yake yi. Idan babu tauri kuma babu ruwa, ko dai ba a kai ba, ko an wuce cikin ƙaramar ƙwaƙwalwa, ko gudan nama ya toshe allurar. Idan ruwa ya fara zuwa ya tsaya, yawanci zuƙar ce ta yi ƙarfi har tantanin ciki ya manne a bakin allura. A saki sirinji, a jira daƙiƙa ashirin ko talatin, a ɗan murza allurar, a sake ja a hankali. Ɓeran da ƙishirwa ta kama ko jikinsa ya yi sanyi shi ma ba ya ba da ruwa sosai.

Bayan gwaji biyu ba a dace ba, a haƙura da wannan ɓeran a ranar. Na uku, ko ya ba da ruwa, da wuya ya zo babu jini.

Ruwan ya fito da ɗan ja. Zan iya amfani da shi?

Ga mafi yawan gwaje-gwaje, a'a. Furotin ɗin da ke cikin ruwan jini ya ninka na ruwan ƙwaƙwalwa kusan sau 200. A ce maganin da kake bincike yana da nanogiram 1000 a mililitar ruwan jini, a ruwan ƙwaƙwalwa kuma 10. Idan maikrolita 1 kacal na ruwan jini ya shiga cikin maikrolita 100, ya ƙara wani 10, sakamakon ya ninka. Sai a rubuta cewa maganin yana tsallaka shinge, alhali allura ce ta tsallakar da shi.

Injin juyi ba ya gyara wannan. Yana kwantar da jajayen ƙwayoyin a gindin kwalba, ruwan sama ya koma garau, amma ruwan jinin da ya zo tare da su ya riga ya gauraye. Abin da juyin ke yi shi ne tona asiri: a juya da ƙarfin 2000 g (g a nan ma'aunin ƙarfin juyi ne, ba giram ba) na minti 10 a sanyin digiri 4, sannan a duba gindin kwalbar a kan farar takarda. Ko ɗigon ja kamar kan allura aka gani, akwai jini.

Ido kaɗai bai isa ba. Jinin ɓera yana da jajayen ƙwayoyi miliyan 7 zuwa 9 a kowane maikrolita, don haka ƙirga su a ƙarƙashin madubin likita, kafin juyi, yana faɗa maka daidai yawan jinin da ya shiga. Ko kuma a auna himoglobin da na'urar auna haske a nanomita 415. Muhimmin abu shi ne a yanke iyakar da za a karɓa tun kafin a fara bincike, a rubuta ta, kuma wanda ke zubar da gurɓatattu kada ya san rukunin da kowace kwalba ta fito.

Wata dabara mai sauƙi: idan ja ya bayyana a bututu bayan garau ya riga ya wuce, a matse bututun a yanke shi da almakashi gaban wurin jan, a ceci na garau ɗin.

Numfashin ɓeran ya tsaya ana cikin aiki. Me ya jawo?

Medula ce ke riƙe da numfashi da bugun zuciya, kuma tana nan daf da tafkin. Idan numfashi ya tsaya daidai lokacin da allura ta ƙara shiga, an taɓa ta. Idan kuwa ya yi ta raguwa ne a hankali, maganin barci ya yi yawa, ko sanyi ya kama shi, ko wuya ya lanƙwashe fiye da kima. A zare allura, a kashe aisofuluren a bar iskar oksijin, a miƙar da wuya, a riƙa matsa ƙirji a hankali. Idan zailazin aka yi amfani da shi, atifamezol yana warware shi. Ɓeran da ya farfaɗo yana juyi wuri guda, ko kansa a karkace, ko ƙafa ta shanye, an ji masa rauni a ƙwaƙwalwa. A kira likitan dabbobi, kuma sau da yawa jinƙan shi ne a kashe shi ta hanyar da kwamiti ya amince.

Nawa zan iya ɗiba, kuma sau nawa?

Maikrolita 50 zuwa 100 daga baligin ɓera da zai farfaɗo. A ɗibar ƙarshe ana iya kai wa 150. Kwaɗayin ƙarin ɗigo shi ke kawo jini, domin idan tafkin ya ƙafe jijiyoyi ne ke matsowa bakin allura.

Ruwan yana cikowa cikin awoyi, amma hudar ba ta warkewa da wannan saurin. Tana yoyo, kuma raunin yana ɗaga fararen ƙwayoyi da alamomin kumburi na kwanaki. A bar kwanaki da dama tsakani, mako guda ya fi.

Idan ina buƙatar ɗiba sau da yawa a yini fa?

Sai a dasa bututu. Ana huda ƙoƙon kai ta baya, a zura siririn bututu yana bin bangon ƙashin ƙeya ta ciki har tafkin, a kafe shi da ƙananan kusoshi da simintin haƙori, a toshe bakinsa. Bayan kwana biyar zuwa bakwai na murmurewa ana iya ɗiba ɓeran yana farke, maganin barci bai shiga lissafi ba. A ɗebi kaɗan, kamar maikrolita 20 zuwa 30, a zubar da na farko da ya kwana a bututu. A lissafa jimillar: ɓeran da ke samar da abin da bai wuce maikrolita 180 a awa ba, idan ana yawan kwashe masa, sabon ruwa kake aunawa, ba wanda ya zauna ya ɗauki sinadaran ƙwaƙwalwa ba. Bututun yakan toshe da tafiyar kwanaki, kuma zamansa a wurin yana kawo kumburi, don haka bai dace da binciken kumburi ba.

Lokacin ɗiba yana da tasiri?

Yana da shi. Ɓera da dare yake harkarsa, da rana yake barci. Oreksin yana hawa a lokacin duhu, melatonin ma haka. A ɗebi kowa a sa'o'i iri ɗaya, a kuma cakuɗa rukunoni, kada a gama da rukuni ɗaya da safe a bar ɗayan sai la'asar.

Idan zan ɗauki jini da ƙwaƙwalwa ma, wanne ne farko?

Ruwan ƙwaƙwalwa tukuna, ɓeran na cikin barci mai nauyi zuciya na bugawa, sannan jini nan take, sannan wanke jijiyoyi da cire ƙwaƙwalwa. Wasu suna fara zuƙe jini don rage gurɓata, amma ruwan da ake samu yakan ragu. Bayan mutuwa ruwan yana sauyawa cikin mintuna: fotasiyam ya hau, sukari ya sauka. Jinin da aka ɗiba tare yana da amfani babba, domin kwatanta furotin albumin na ruwan da na jini shi ke nuna ko shingen ya lalace.

Yaya ake adana shi?

Ƙirgar ƙwayoyi a yi ta cikin awa guda, saboda suna fashewa da sauri a wannan ruwa mai ƙarancin furotin. Sauran, bayan juyi, a raba shi kashi-kashi gwargwadon gwajin da za a yi, cikin kwalaben folifurofilin da furotin ba ya manne musu, a kai firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Amiloyid musamman yana manne wa bangon kwalba da bakin fifet, abin ɗibar ruwa, kowane juye daga wannan kwalba zuwa waccan asara ce. A yi amfani da ƙaramar kwalba mai murfi mai kamawa sosai, domin maikrolita 20 a babbar kwalba bushewa yake yi.

Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, narkewa da sake daskarewa ba tare da kowa ya sani ba ita ce babbar barazana. A ajiye kwalaben can ƙuryar firiza, nesa da ƙofa, a sa na'urar da ke rubuta zafi, kuma idan akwai tulun ruwan naitirojin a raba ajiyar gida biyu.

Wace kulawa ɓeran ke buƙata bayan an gama?

Maganin ciwo tun kafin ya farka: bufurenofin miligiram 0.05 ko meloksikam miligiram 1 zuwa 2, kowannensu ga kowane kilo, a ƙarƙashin fata. Idan binciken na kumburi ne, meloksikam zai taɓa sakamakon, sai a tattauna da likitan dabbobi a zaɓi wani, ba a bar dabbar haka ba. A ba shi ruwan gishiri mai ɗumi mililita 2 zuwa 3 a ƙarƙashin fata, a kwantar da shi shi kaɗai a keji mai ɗumi, kan tawul maimakon dusar katako da zai iya shaƙa, har ya miƙe da ƙafafunsa. A sa jiƙaƙƙen abinci a ƙasan keji don kada ya riƙa ɗaga wuya. A auna nauyinsa kullum na kwana uku, a duba tafiyarsa, da tashin gashi, da jan datti a gefen ido da hanci, da kuma ƙeyar: kumburi mai laushi a wurin hudar alama ce ruwan yana yoyo a ƙarƙashin fata, kuma irin wannan ɓeran ba a sake soka shi sai ya baje.